Amsa ga ɗalibar da feroksizom da laisozom suka cakuɗe mata

Wa alaikumus salam ƙanwata. Naga tambayar ki tin shekaranjiya, makin ɗin takardu ne ya riƙe ni. Kince kina aji biyu a BUK kina karantar bayokemistiri, a handawut ɗinku layi uku kacal akai akan feroksizom, wai ƙaramar jaka ce a cikin sel me kashe guba, shine kike tambaya to meye bambancin sa da laisozom tinda shima ance miki sharar sel yake kwashewa, sannan wai dan Allah yana da wani amfani na gaske ko kawai haddacewa zaki yi ki wuce jarabawa.

To bari in fara da gyara wannan maganar ta "kashe guba" dan itace take rikita ɗalibai na duk shekara. Gubar da ake magana, wato haidirojin feroksaid, H2O2, ai ba daga waje ake kawo masa ita ba, shi da kansa yake haɗa ta a cikin sa yayin da yake aikin sa, kuma a ɗakin dai yake kashe ta kafin ta fito. Daga nan ma sunan ya samo asali. Kinga kenan ba bola bane, yafi kama da shagon maƙeri, akwai wuta akwai tartsatsi amma an kewaye gurin kuma ga bokitin ruwa a gefe. Laisozom kuwa aikin sa narkarwa, cikin sa tsami ne sosai, pH wajen 5, enzayim ɗin sa, wato furotin masu saurin sarrafa sinadarai, da ruwa suke farfasa tsofaffin kaya da ƙwayoyin cutar da sel ta haɗiye. Feroksizom ba ruwan sa da wannan, shi da iskar oksijin yake aiki, ya zare haidirojin daga jikin abu ya ɗora wa oksijin. In kika riƙe wannan kaɗai kin wuce rabin ajin ku wallahi.

Abin dariya ma mutum ɗaya ne ya raɗa musu suna su biyun, Christian de Duve ɗan ƙasar Beljiyam, laisozom a 1955, feroksizom kuma bayan shekara goma. Amma ba shi ya fara ganin sa ba, wani ɗalibin digiri na uku ne a Suwidin, Johannes Rhodin, a 1954 ya hango wasu ƙananan ƙullutai a ƙodar ɓera da madubin lantarki, be san aikin su ba ya kira su da sunan da ke nufin ƙananan jikkuna kawai. De Duve da Pierre Baudhuin ne suka tace su daga hantar ɓera suka nuna abinda ke ciki a rubutun su na 1966, de Duve ɗin ya samu kyautar Nobel a 1974 tare da Albert Claude da George Palade.

Siffar sa bata da wuyar zanawa. Ƙwallo ne ɗan mitsitsi, faɗin sa daga maikuromita 0.1 zuwa 1, tantani ɗaya ne ya lulluɓe shi ba biyu ba irin na mitokondiriya, murhun da ke samar wa sel makamashi, bashi da DNA nasa, bashi da ribozom, injin haɗa furotin. Cikin cike yake dam da enzayim, kala sama da 50 in aka haɗa na halittu daban daban, kuma wanda yafi yawa shine katales. A jikin mutum hanta da ƙoda ne suka fi tara shi, sel ɗin hanta guda ɗaya tana ɗauke da ɗaruruwa. Akwai abu ɗaya da nake so ki kula dashi a zanen littafi, zaki ga sun sa wani dunƙulen abu me kama da ƙanƙara a tsakiya, to wannan na hantar ɓera ne, enzayim ɗin yurikes me farfasa yurik asid ne ya taru ya daskare. Mu ɗan Adam ƙwayar gadon yurikes ɗin mu bata aiki, dan haka namu feroksizom ɗin bashi da wannan dunƙulen, kuma shi yasa yurik asid ke iya taruwa mana a jini har ya zauna a gaɓoɓi, ciwon nan me kama babban yatsan ƙafa cikin dare mutum ko zanin gado be so ya taɓa gurin.

Katales kam kin riga kin san aikin sa ko baki san sunan ba. Haidirojin feroksaid ɗin nan da ake siyarwa a kemis, wanda muke ce wa haidirojin kawai, ake zubawa a ciwo yana kumfa, kumfar oksijin ce, katales yana ɗaukar H2O2 guda biyu ya fito da ruwa biyu da oksijin ɗaya, kuma ƙwaya ɗaya tasa tana iya farfasa miliyoyi cikin daƙiƙa guda. Sai dai kar wani malami ya kama ki anan, kumfar da kike gani a ciwo yawanci daga katales ɗin jan jini take, ita kuwa jar ƙwayar jini da ta balaga bata da feroksizom ko ɗaya, nata katales ɗin a sake yake yawo a cikin ta. Kuma tinda magana ta biyo ta nan, mutanen mu suna ganin kumfar nan shine magani na ci, alhali yawan zuba shi kullum yana ƙona sabon naman da ke tasowa ya jinkirta warkewa.

Yanzu ga inda nafi so ki tsaya, maganar kitse. Kitse da mai da muke ci sarƙa ce ta kabon, na manja da man gyaɗa mafi yawa kabon 16 ne ko 18, waɗannan kai tsaye mitokondiriya ke ƙona su ta bada ATP, sinadarin da sel ke kashewa a matsayin makamashi. Amma akwai masu tsawon tsiya, kabon 22, 24, 26, kaɗan daga abinci suke zuwa, man gyaɗa ma yana da ɗan kaɗan na 22 da 24, mafi yawa kuwa jiki ne ke ƙera su da kansa. Mitokondiriya bata iya karɓar su. Ki ɗauka ita murhu ce aka kawo gungumen da yafi ƙarfin ta, dole sai ya biya ta wajen me faskare. Feroksizom shine me faskaren, yana datse sarƙar kabon biyu biyu kamar yadda me rake ke sara gaɓa gaɓa, in ta gajarta ya miƙa wa mitokondiriya ta ƙarasa. Duka biyun sunan aikin beta-oksideshan, matakan ma kusan ɗaya, bambancin yana matakin farko. A mitokondiriya elektron ɗin da aka zaro sarƙar numfashi, jerin furotin da ke jikin tantanin ta na ciki, ake bawa a samu ATP, a feroksizom kuwa enzayim ɗin farko, asil-CoA oksides, kai tsaye yake ɗora su akan oksijin, H2O2 ta fito, ƙarfin ya tafi a zafi, ba ATP daga wannan matakin. Nasha tambayar wannan a jarabawa kuma kaɗan ne ke ci, kowa sai ya rubuta min wai feroksizom yana bada makamashi. A tsirrai da yis kuwa labarin ya juye, duk faskaren kitsen a feroksizom ake yin sa daga farko har ƙarshe.

Akwai wani kitsen kuma me reshe, faitanik asid, wanda mu musamman muke ci sosai ba tare da mun sani ba. Asalin sa daga koren ganye ne, saniya ko tunkiya ko akuya taci ciyawa, ƙwayoyin da ke tumbin ta su saki wani ɓangare na kolorofil, ya rikiɗe ya zauna a kitsen ta da nonon ta, dan haka man shanu, kindirmo, kitsen balangu duk akwai shi. Reshen yana daidai inda ya kamata a sara, wuƙar bata shiga, sai feroksizom ya fara cire kabon ɗaya tak, shine alfa-oksideshan, daga nan sarar biyu biyu ta yiwu. Wanda aka haifa enzayim ɗin da ke fara wannan aikin baya masa aiki shine me ciwon Refsum, sunan likitan Norwe Sigvald Refsum da ya bayyana shi a 1946, dundumi yake fara musu, jin ƙamshi ya ɗauke, ji ya ragu, tafiya ta koma tangaɗi, kuma babban maganin shine a rage musu nono da man shanu da kitsen dabbobin nan masu tuƙa. Ki lura fa ciwo ne da ba kasafai ake samu ba, bance ki je ki hana Hajiya man shanu a tuwo ba.

Kuma ba rushewa kaɗai yake ba, yana gini, wannan shine abinda handawut ɗinku ya tsallake gaba ɗaya. Matakan farko na haɗa wani kitse me suna filasmalojin a cikin sa ake yi kafin a ƙarasa a endofilasmik retikulum, wani sashe na sel da ke ƙera kitse da furotin, shi kuma filasmalojin yana da yawa a mayelin, rigar nan da ta naɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa kamar robar da ke jikin wayar wuta. Haka ruwan maɗaciya, hanta daga kolestarol take haɗa asid ɗin sa, amma datse jelar ƙarshe sai an shiga feroksizom. Sannan a hanta yana kama wani abu gilayoksilet ya maida shi gilaisin, in be kama ba ya koma okzalet ya haɗu da kalsiyam ya zama tsakuwar ƙoda tin yaro yana ƙarami. Wani abin mamaki a wannan ciwon, a wasu marasa lafiyan enzayim ɗin da ke kama gilayoksilet yana nan kuma yana da sauran ƙarfi, kawai ɓatan hanya yayi ya shige mitokondiriya maimakon feroksizom, kamar malamin asibiti da aka tura kasuwar Kwari, ilimin na nan amma ba majinyaci a gurin.

Wannan ya kawo mu tambayar da ya kamata ace kinyi, tinda bashi da DNA bashi da ribozom, ta ina kayan cikin sa suke zuwa? Duk furotin ɗin sa a waje ake haɗa su a ribozom ɗin da ke yawo a ruwan sel, kowanne da adireshi a jikin sa. Mafi yawa adireshin a ƙarshen jela yake, amino asid uku ne kacal, serin, laisin, liyusin, a taƙaice SKL, ana kiran sa PTS1. Wani furotin PEX5 shine ɗan dakon da ke gane shi, ya ɗauko kayan ya kai bakin ƙofa wajen PEX13 da PEX14, ya sauke a ciki, sannan PEX1 da PEX6 su kashe ATP su jawo ɗan dakon waje ya koma ɗauko wani. Kaɗan kuma adireshin su a goshi yake, PTS2, nasu ɗan dakon PEX7. Abinda har yau yake burge ni, mitokondiriya sai an warware furotin ya zama zare kafin ya shige ta, amma feroksizom a naɗe yake karɓar kayan sa, wani lokacin har biyu uku a manne. Kuma kinsan a ina aka gano SKL ɗin? A jikin ƙwaron nan me walƙiya da daddare lokacin damina. Enzayim ɗin da ke bashi haske, lusifares, aka sa a sel ɗin dabba a wani ɗakin bincike a Kalifoniya wajen Suresh Subramani a ƙarshen shekarun 1980, sai aka ga ya tafi ya tare a feroksizom, aka dinga yanke masa jela har aka gano haruffa ukun.

Yadda yake yawaita kuwa hanya biyu ce, ko tsoho ya girma ya miƙe ya tsinke gida biyu da taimakon PEX11, ko a faro sabo daga tantanin endofilasmik retikulum. Yawan sa ma ba tsayayye bane, in aka bawa ɓera maganin rage kitsen jini irin kulofaibret sai hantar sa ta cika dasu, daga nan aka samo sunan PPAR, furotin ɗin da maganin ke kamawa a cikin sel, da zaki haɗu dashi a famakoloji, inda fenofaibret da fiyogilitazon na masu ciwon suga ke aiki.

In kina son sanin darajar abu ki duba gidan da babu shi. Ciwon Zellweger, sunan likitan yara Hans Zellweger, an bayyana shi a 1964, sai a 1973 Sidney Goldfischer da abokan aikin sa suka duba hanta da ƙodar jariran suka ga ba feroksizom. Matsalar a ƙwayoyin gadon PEX take, mafi yawa PEX1, wato enzayim ɗin an haɗa su amma ba me shigar dasu ɗaki, sai tantanin ya zauna fanko. Jaririn zai zo jiki saɓule ba ƙarfi, baya iya kama nono, ga jijjiga, ga hanta ta kumbura, maɗiga a buɗe sosai, masu tsananin basu cika kai shekara ba. Gadon sa irin na sikila ne sak, uwa na ɗauke uba na ɗauke su lafiyar su lau, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu, dan haka a dangin da auren zumunci ya yawaita damar haɗuwar tafi yawa. Ni a ganina akwai irin waɗannan yaran a garin nan da suke rasuwa ba'a taɓa sa wa ciwon suna ba, a gida ace iska ce ko tafiyar ruwa, dan gwajin dogon kitse a jini ba abu bane da ake samu a kowane lab, ga tsada.

Wanda yafi taɓa min zuciya shine adirinolukodistirofi, ALD. Anan feroksizom ɗin na nan lafiya, ƙofa ɗaya ce ta lalace, ABCD1, wadda dogon kitse ke shiga ta ita, an gano ƙwayar gadon a 1993. Gungumen na nan me faskare na nan amma an rufe ƙofar, kitse me kabon 26 ya taru a ƙwaƙwalwa da ƙululun adirinal da ke saman ƙoda. Tana kan kuromozom X shi yasa maza yafi kamawa, uwar da ke ɗauke dashi kowane ɗa namiji rabi da rabi ne, kuma ita bata san tana dashi ba balle a ɗora mata laifi. Yaro zai taso ƙalau har shekara 4 zuwa 10, sai a fara ƙorafi a makaranta baya maida hankali, rubutun sa ya lalace, ana magana kamar baya ji, wani har dukan sa ake a Islamiyya ana cewa iskanci ne, kafin gani da tafiya su tafi. Wani kuma fatar sa ce zata fara duhu da yawan amai da kasala saboda adirinal ɗin. An gwada wani haɗin mai da ake kira man Lorenzo, yana sauke kitsen a jini amma be tsayar da ciwon ƙwaƙwalwar in ya riga ya fara, abinda ke tsayar dashi dashen ɓargo ne kuma sai anyi da wuri sosai, shi yasa wasu ƙasashen suke gwada jarirai tin haihuwa.

Abin mamaki kuma rashin katales ɗin kansa, wanda ake ta zuzutawa, be kai waɗannan muni ba. Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Japan, Shigeo Takahara, a 1946 ya zuba haidirojin a gyambon bakin wata yarinya yaga ba kumfa, jinin ma ya koma baƙi baƙi, ashe gado ne, kuma yawancin masu shi gyambon dasashi ne babbar matsalar su dan akwai wasu enzayim kamar gulutatayon feroksides da ke rufa asiri. Kinga ashe kitsen nan da mayelin sune ainihin abinda jikin mu baya iya haƙura dashi.

Kar ki ce na manta ɓangaren tsirrai dan nasan kuna yin botani. Ki ɗau gyaɗa ko riɗi, guzurin da uwa ta ɗaure wa ɗan tsiron mai ne, shi kuma kafin ya fito ya ga rana sukari yake buƙata. Wani nau'in feroksizom me suna gilayoksizom shi ke juya man ya zama abinda za'a haɗa sukari dashi, da enzayim biyu da mu bamu dasu, aisositiret layes da malet sintes, shi yasa mutum baya iya maida kitsen tumbin sa gulukos a wannan hanyar. Harry Beevers da abokin aikin sa ne suka gano shi a 1967 a irin zurma. A ganye kuma aikin sa daban, in rana ta take tsiro ya rufe ƙofofin ganye dan kar ruwa ya gudu, sai rubisko, enzayim ɗin da ke kama kabon dayoksaid dan haɗa abincin tsiro, ya dinga kama oksijin a maimakon kabon dayoksaid, abinda ya fito bashi da amfani sai an zagaya dashi daga kulorofilas, inda ganye ke haɗa abinci, zuwa feroksizom zuwa mitokondiriya a dawo, a ceto kashi uku cikin huɗu na kabon ɗin. Shinkafa, alkama, wake, gyaɗa duk suna wannan asarar. Dawa, gero, masara da rake kuwa suna da dabarar tara kabon dayoksaid a kusa da rubisko, asarar tasu kaɗan ce, yana cikin dalilan da yasa gero ke shan ranar mu yana murmushi ita kuwa alkamar Kadawa sai da sanyin hunturu.

Har ƙwayar da ƙudan tsando ke sawa, me jawo sammore a shanu da ciwon barci a mutane, tana da nata kalar, gilaikozom, Fred Opperdoes da Piet Borst suka bayyana shi a 1977, ita matakan farko na ƙona gulukos ta kulle a ciki, abinda a sel ɗin mu a fili ake yi, kuma masu neman magani suna hararar gurin dan in aka toshe ƙofar shigar kayan ƙwayar mutuwa take. In kina neman abin furojet nan gaba ki tuna akwai cibiyar binciken wannan cutar a Kaduna. Funfunar da ake samun fenisilin ma matakin ƙarshe na haɗa maganin a feroksizom ɗin ta yake.

In kina so ki gani da idon ki baki buƙatar lab. Ki aiki yaro wajen mahauci ko abbatuwa ya siyo miki ɗanyar hanta ƴar kaɗan, ki siyi haidirojin a kemis, ki raba hantar uku, ɗaya ki barta guda, ɗaya ki daka ta, ɗaya ki tafasa ta minti biyar ta huce. Ki sa kowacce a kofin gilas ki zuba cokali biyu biyu, ki kula da idon ki. Gudan zata yi kumfa, dakakkiyar sai ta nemi zubowa dan kin fasa sel ɗin katales ya fito fili, dafaffiyar kuwa shiru dan zafi ya lalata enzayim ɗin. Ki taɓa gindin kofin na biyu zaki ji ɗumi. In kika kunna tsinken tsintsiya kika hure wutar ya rage jan garwashi kika kai bakin kumfar zai sake kamawa, oksijin ɗin kenan. Ki gwada da ɗanyen dankalin Turawa ma ki kwatanta, sai ki turo min wanne yafi kumfa da dalilin da kike gani.